Zangon da Malama ta sa na jingine

Ni ɗan fari ne a gidan manomi, a wani ƙauye na yankin Malumfashi a jihar Katsina. Dawa da masara muke nomawa, sai ɗan waken suya idan an samu hali. Kafin ni babu wanda ya taɓa taka jami'a a zuriyarmu, shi ya sa da sakamakon NECO ya fito da kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, gari ya ɗauka gidanmu ya samu likita. Likitancin kuwa na cike a JAMB, kamar yadda kusan kowane ɗan ajin kimiyya yake yi, amma makina bai kai ba. A 2017, shekarar da JAMB ta fara ba da gurbin karatu ta tsarin CAPS, na duba na ga an ba ni bayoloji. Na karɓa, domin ba mu da kuɗin da zan zauna shekara guda ina jiran wata jarrabawar.

Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini doguwar magana, saboda alkunyar ɗan fari. Ta bakin ƙaninsa tambayarsa ta iso ni. Kawu ya ce, "Yaya ya ce a tambaye ka, shi wannan karatun me ake zama da shi?" Na ce masa ana zama abubuwa da yawa. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba, don iyakar abin da na sani ke nan. An sayar da buhunan dawa, aka haɗa mini kuɗin rajista.

Abin da ya fara ba ni mamaki a aji ɗaya shi ne ƙarancin bayolojin. Kemistiri ne da fiziks da lissafi da Turanci da kwamfuta suka cinye jadawalin, a ɗakin lacca ɗaya da 'yan sauran sassan kimiyya, inda wanda bai yi sammako ba sai dai ya tsaya a bakin taga. Makarantar da na fito ba ta da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, don haka a jami'a na fara ɗora idona a kan madubin likita. Ranar ɓawon albasa aka ba mu. Sai da wani ma'aikacin ɗakin ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake juya mariƙin a hankali, sannan ƙwayoyin halittar albasar suka bayyana a jere, kowace da bangonta. Yawancin 'yan ajinmu kuwa zaman jira suke yi, kowa yana cewa da an gama shekara zai koma likitanci. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce sauya sashe yana buƙatar maki mai tsananin yawa da kuma gurbin da sau da yawa babu shi. Dokokin digirin kansu daga bakin 'yan gaba da mu muke tsintarsu, rabi gaskiya rabi ji-ta-ji-ta. Har akwai masu cewa makin aji ɗaya ba ya da wani nauyi. Na gama shekarar da CGPA 2.90, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da na yi, wanda ƙololuwarsa 5 ce.

Mun shiga aji biyu a makare, saboda yajin aikin malaman jami'a da aka yi daga Nuwamban 2018 zuwa Fabrairun 2019. A nan ne karatun ya fara shiga raina. Ilimin gado, wato yadda ɗa yake ɗauko kamannin iyaye, ya amsa mini tambayoyin da na taso da su a gona, irin dalilin da ya sa masarar da aka sayo irinta take yin kyau a shekarar farko, amma idan aka ɗebi iri daga cikinta aka sake shukawa sai ta fito ba kai ba gindi. Zangon farko na samu 3.20.

A zango na biyu, ana cikin damina, Baba ya faɗi a gona. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙannena duk ƙanana ne, Inna ba za ta iya ɗaga shi ba, Kawu kuma yana da nasa gidan. Na bar makaranta da kayan jikina, na zauna da shi a asibiti, daga nan muka dawo gida, ga jinya ga amfanin gona yana jiran hannu. Jarrabawa ta matso, ni kuma na riga na sallama. A lissafina, idan ƙura ta lafa zan koma in sake kwasa-kwasan, shi ke nan.

Ina cikin gona wata lambar da ban sani ba ta kira ni. Muryar mace ce, ta kira cikakken sunana da lambar rajistata. Kodinetar ajinmu ce. Kowane aji a sashe yana da malami ɗaya da aka ɗora wa kula da rajistar ɗalibai da sakamakonsu da ba su shawara, amma mu abin da muka sani game da ita shi ne sa hannu a fom a farkon zango. Ashe tana bin takardun tes, ta ga sunana babu maki a kwas ɗaya, ta duba na biyu ta ga haka, sai ta ciro fom ɗina ta ɗauki lambar waya. Na gaya mata halin da ake ciki. Ta yi wa Baba addu'a, sannan ta ce, "Yarona, ka samu wanda zai zauna da shi yini ɗaya. Ka zo min da takardar likita kafin a fara jarrabawa. Kada ka bari a fara."

Ofishinta ɗan ƙarami ne, fayil-fayil a kan tebur da ƙasa, har kujerar baƙo sai da ta kwashe takardu sannan na zauna. Ta juya bayan wani tsohon fom, ta ɗauki biro ja. Ta fara tambayata ko na san yadda ake fitar da CGPA. Na ce na san A ta fi B. Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta jerin a tsaye: 70 zuwa sama A ce, maki 5, 60 zuwa 69 B, maki 4, 50 zuwa 59 C, maki 3, 45 zuwa 49 D, maki 2, 40 zuwa 44 E, maki 1, ƙasa da 40 F, sifili. Ta ce kowane kwas yana da nauyinsa, shi ne yunit, kuma yunit ɗaya yana nufin lacca ta awa ɗaya a mako tsawon zango, ko firaktikal na awa uku. Ana ninka makin da yunit ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da mutum ya yi wa rajista. Wato A a kwas mai yunit 3 maki 15 ce, a kwas mai yunit 1 kuwa maki 5 kacal.

Sai ta ɗauko nawa. Yunit 40 a aji ɗaya, maki 116. Yunit 20 a zangon da ya wuce, maki 64. Ta haɗa, maki 180 a kan yunit 60, ta rubuta 3.00 ta zagaye shi. Daga nan ta ja layi ta ce, "Ka yi rajistar yunit 20 a wannan zangon. Idan ba ka shiga jarrabawa ba kuma babu takarda, F za a rubuta maka a duka. Makinka yana nan 180, amma yunit ɗin sun zama 80." Ta danna a wayarta ta juyo mini da fuskar: 2.25. Ta ce daga 2.40 zuwa 3.49 ne digiri mai daraja ta biyu ƙarama, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, daga 4.50 daraja ta ɗaya. Ni kuma zan faɗa daraja ta uku a kan jarrabawar da ban ko ga takardarta ba. Na ce ai idan na sake kwasa-kwasan na ci za a goge. Ta girgiza kai. "Ba a gogewa. F gishiri ce da aka zuba a tukunya, ba ta fita, sai dai a yi ta ƙara ruwa."

Maganin abin takarda ce guda ɗaya, wadda ban taɓa jin labarinta ba a shekara ɗaya da rabi da na yi a jami'a. Ɗalibin da lalura ta same shi yana da damar neman a jingine masa zango ko shekara. Idan an amince, zangon zai zama kamar ba a yi rajistarsa ba. Ta ba ni farar takarda, ta faɗa ina rubutawa, wasiƙa zuwa ga magatakardan jami'a ta hannun shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe. Ta haɗa da rahoton likitan, ta aike ni asibitin makaranta a buga masa hatimi, ta sa na yi kwafi uku, ta ce ɗaya ya zauna a wurina har ranar da zan karɓi shaidar kammalawa. Da kanta ta kai wa shugaban sashe. Na ce, "Ranki ya daɗe, ban san da wane baki zan gode miki ba." Ta ce in hanzarta in samu motar yamma.

Bayan girbi na koma, kuma a nan ne na ga aikin da ya fi na wasiƙar wahala. Kwasa-kwasan zango na biyu ba a koyar da su sai a zango na biyu, don haka waɗanda na bari sai shekara ta zagayo. Daga cikinsu akwai kemistirin sinadaran da ke ɗauke da kabon, wanda a sashenmu sai ka ci shi kafin a bar ka ka yi rajistar wasu kwasa-kwasan aji uku. Sannan ga iyaka: ba a yin ƙasa da yunit 15 a zango, ba a wuce 24, kuma mai bashin kwas sai ya fara saka bashin a fom kafin sabo. Malama ta buɗe jagorar sashe, ta bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, tana sa alama a kan waɗanda ƙofarsu take buɗe gare ni da waɗanda take rufe. Ta tsara mini zangunan da suka rage duka a takarda ɗaya. Ta faɗa mini kai tsaye cewa zan ƙara shekara guda a kan 'yan ajinmu, kuma in daina neman hanyar kauce wa hakan. Da na nemi in cika yunit 24 don in rage nisa, ta hana. Ta ce mai jinya a gida ba ya ɗaukar 24, kuma C shida ba su kai B biyar amfani ba.

Ta kuma yi mini wani lissafin. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa yunit 120 a matsayin mafi ƙarancin abin da wanda ya shigo ta JAMB zai ci kafin ya kammala, amma tsarin sashenmu zai kai ni 150. In ina son 3.50 sai na tara maki 525. Ina da 180, saura 345 a cikin yunit 90, wato matsakaicin 3.83 a duk abin da ya rage. Ta ce, "Ba zan ce maka da sauƙi ba. Amma yanzu ka san abin da kake bi."

Muna cikin wannan zangon aka rufe makarantu a Maris na 2020 saboda korona, yajin aiki ya ɗora har Disamba. A 2022 aka sake yin wani daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tsoro ya kama ni, domin na ji ana cewa digirin shekara huɗu ba ya wuce shekara shida, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa. Na kira ta. Ta ce zanguna ake ƙirgawa, 12 ne iyaka, watannin da makaranta take rufe ba sa shiga. Ta tambayi shekarar haihuwata ta ce ina da sarari. Sannan ta tambayi jikin Baba, ta ce in yi amfani da zaman in karanta kemistirin nan.

Na ci shi da B. Shi ne kwas ɗin da na fi jin tsoro a duk karatuna, kuma shi ne ya buɗe mini furojet. Na yi SIWES, horon aiki na wata shida da hukumar ITF take kula da shi, a wani ɗakin binciken amfanin gona, can na ga ana aiki a kan wuta-wuta, wadda wasu suke kira ƙuduji. Duk manomin dawa a yankinmu ya san ta, da furenta mai kyau da gonar da take bari a tsugune. Mu a gida cewa ake yi ƙasa ce ta gaji. A littafi sunanta Striga hermonthica. Ƙwayar irinta ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar shuka take fitarwa. Da sun ji sai su tsiro su kama saiwar dawa su fara tsotse ruwa da abinci, kafin a gan su a sama sun riga sun yi ɓarna. An fara ware irin wannan sinadarin a 1966 daga saiwar auduga, wadda ita wuta-wutar ba ta iya kamawa. Waken suya ma haka yake: yana tayar da irin, irin ya tsiro ya rasa inda zai kama, ya mutu. Ranar da aka zana mini siffar sinadarin a allo, na gane kowane zobe da ke cikinsa, saboda kwas ɗin da Malama ta hana ni tsallakewa.

Ƙasar gonarmu na ɗebo a buhu na yi gwajin da ita. Na zuba a tukwanen roba, wasu na fara shuka waken suya kafin dawa, wasu dawa kai tsaye, ina ƙirga wuta-wutar da ta fito. Ƙaramin aiki ne na ɗalibi, bai gano wani sabon abu ba, masana a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, da sauran wurare sun daɗe suna faɗa wa manoma su riƙa juya shuka. Amma da na je hutu na nuna wa Kawu hotunan tukwanen a waya, Baba yana kwance a gefe yana ji. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, wannan ta gonar fadama ce ko ta tudu?" Na ce ta tudu ce. Ya ce bana a sa mata waken suya.

Ban kai 3.50 ba. Na kammala a 2024 da maki 516, wato 3.44. Maki 9 suka rage, kuma na san ya yi wa Malama ciwo, don ta sake bin lissafin da kanta kafin a miƙa sakamako. Ni ma ya yi mini. Sai dai ina da takardar da ta rubuta 2.25 a kanta, na san daga inda aka ɗauko ni. Kafin in bar makaranta ta sa na tabbatar sunana da kwas ɗina sun yi daidai a takardar JAMB da ta jami'a, domin saɓani a nan yana hana mutum tafiya hidimar ƙasa. Ta kuma gaya mini abin da aka daɗe ana ɓoye mana ko ana kasa faɗa: digirin bayoloji ba ya ba mutum lasisin yin gwajin marasa lafiya a asibiti, wannan aikin waɗanda suka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, kuma hukumar MLSCN ce take yi musu rajista. In koyarwa nake so, sai na ƙara difilomar ilimi ta PGDE kafin hukumar rajistar malamai ta TRCN ta yi mini rajista. In bincike ne, sai digiri na biyu. Yanzu ina koyar da bayoloji a wata sakandare, ina tara kuɗin komawa in ci gaba da aiki a kan wuta-wuta.

Ƙanwata ta shiga jami'a a ƙarƙashin sabon tsarin CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022, wanda hukumar take tsara kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan, jami'a ta tsara 30. Lambobin kwas da sunayensu sun canza, har ba na yarda in ba ta shawara da abin da na sani na zamaninmu. Abin da na yi shi ne na sa ta nemo jagorar sashenta ta shekarar da ta shiga, muka zauna muka yi lissafin yunit tare, na kuma ce ta je ta gaida kodinetarsu tun babu matsala.

Ina jin zafin yadda ake barin wannan aikin a hannun sa'a. Malama tana da laccocinta, da ɗaliban furojet, da nata binciken, da iyali, sannan aka ɗora mata aji guda cur. Ba dole ba ne ta bi takardun tes tana neman wanda ya ɓace. Da jami'o'inmu za su ware yini ɗaya a makon farko a koya wa sababbin ɗalibai lissafin da aka yi mini a bayan fom, a faɗa musu akwai jingine zango, a nuna musu wane kwas ne yake rufe wane, da an tsirar da mutane da yawa. Akwai abokina da muka kwana ɗaki ɗaya a aji ɗaya, ɗan wani sashe a tsangayarmu, wanda ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Mahaifiyarsa ta rasu ana gab da jarrabawa, ya tafi gida, ba wanda ya kira shi, shi ma bai san akwai takardar da ake rubutawa ba. Zango guda na F ya hau kansa, bashin ya riƙa cinye masa gurbin sababbin kwasa-kwasai, makinsa ya faɗi har aka sa shi a jerin gargaɗi, daga baya aka sallame shi. Yana sayar da takin zamani da maganin feshi a kasuwar garinsu, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma bana ya sake sayen fom ɗin JAMB. Ya ce in ya samu gurbi zai turo mini jagorar sashen mu duba tare kafin ya yi rajista.